Wayar da Ta Sha Ruwan Sabulu

A cikin ledar shinkafa ta kawo ta.

Dogo yana duƙe a kan teburinsa yana liƙa wa wata waya sabon gilashi, sai ya ji an dire abu a gabansa. Bai buƙaci ɗagowa ba. Ya san hannun, ya san jan biron da ke gefen yatsan, na makin littattafan yara. Malama ce, wadda ya shekara biyu yana so, wan mahaifinta kuma ya kafe ba zai ba mai zaman bakin titi da sukundireba 'yarsu ba.

"Ina kwana," ta ce, muryarta a dushe.

Ya zura hannu cikin shinkafar ya zaro wayarta. Ƙwaya biyu sun maƙale a ramin caji. Ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye a hankali kamar mai kwantar da jariri.

"Ruwa ta sha?"

"Ruwa."

"Wane iri?"

"Ruwa ai ruwa ne, Dogo."

"Na famfo daban, na sama daban, na wanki daban. Wanne ne?"

"Na wanki. Tana aljihun doguwar rigata na jiƙa kayan. Sai da na zo cuɗawa na ji ta."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ya lumshe ido.

"Shinkafar fa?"

"Umma ce ta ce tana tsotse ruwa."

"An kunna ta?"

Malama ta maida idonta kan 'yar fankar da ke juyawa a kusurwar shagon.

"Malama, an kunna ta?"

"Caji kawai na sa mata jiya. Ta kawo haske sau ɗaya, ta yi zafi, ta ɗauke."

Ni mai ba ku labarin nan ban taɓa zama a aji ba, amma abin da na sani na sani, kuma ba a takarda na gani ba. Ruwa ba ya kashe waya nan take. Wutar da ake ba ta bayan ta sha ruwan ita ke ƙarasa ta. Shinkafa kuwa aikinta a tukunya yake. Kwana biyun da wayar nan ta yi a cikin leda, sabulu yana ciki yana cin ta a hankali, mutanen gida suna zaune suna jiran waraka.

Dogo ya san duk wannan, bai faɗa mata ba. Ya ga yadda idonta ya kumbura.

"Me ya hana ki kawo ta tun ranar? Tsakanin gidanku da nan ko minti goma babu."

"Baffa ya ce in ya sake jin na tako shagon nan sai ya saɓa mini."

"Yau fa?"

"Yau shi ya ce in kawo."

Nan ya ajiye abin da ke hannunsa. Ta zauna a bencin masu jira, ta kama gefen mayafinta tana murzawa, ta ba shi labari tana yi tana tsayawa.

Ranar Laraba Baffa ya kira ta falo, Gwaggo na zaune. Ya ce mutanen Injiniya sun matsa a ba su rana. Injiniyan nan ɗan aminin Baffa ne, yana aiki a kamfanin da ke shimfiɗa bututun ruwa, yana da mota da takardu da magana mai daɗi. Ta ce ita ba shi take so ba. Baffa ya ce so ba hujja ba ne, me take da shi bayan so. Sai ta ce Baba ya bar magana.

Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifinta. Kwana uku kafin ya cika, a gadon asibiti, ya ce ta ɗauki muryarsa a waya. Ta ɗauka tana kuka. Tun ranar ba ta sake buɗewa ba, ba ta tura wa kowa ba, don ko sunan abin ta gani a allo sai numfashinta ya sarƙe.

"Baffa ya ce ƙarya nake. Sai na rantse."

"Kika rantse me?"

"Na ce na rantse da Allah, duk wanda Baba ya ambata a ciki shi zan aura, ba zan ƙara cewa uffan ba. Ya ce na ji bakina? Na ce na ji. Ya ce to ranar Lahadi bayan la'asar a kunna a gaban kowa. In babu murya kuma, maganarka ta mutu a gidanmu, ko sunanka kar a sake ambata."

"Gobe ke nan."

"Gobe." Hawayen ya zubo. "Da na gaya masa ta faɗa ruwa dariya ya yi. Ya ce in kai wa mutumin nawa, ai sana'arsa ce. Wai muryar ƙaninsa babu wanda zai yi masa jabunta."

Dogo ya dubi wayar. Ɗaruruwa irinta sun bi ta hannunsa, wasu sun tashi, wasu ya miƙa wa masu su ya ce a yi haƙuri. Bai taɓa jin tafin hannunsa ya yi gumi a kan waya ba sai yau.

"Ya ambace ni? Kin tabbata?"

"Da kunnena na ji."

"Je ki gida. Ki dawo da la'asar."

Ya ba masu jira haƙuri, ya janyo ƙofar shagon rabi.

Ya cire layin, ya hura wa bayan wayar iska mai zafi har gam ɗin ya saki, ya ɓamɓare murfin. Warin sabulu da na ƙuna suka taso tare. Batirin ya kumbura kamar an hura shi, shi ya fara cirewa. Ya kwance sukurori goma sha bakwai, ya jera su a kan maganaɗisu yadda suka fito, ya ɗago injin wayar ya kai ƙarƙashin fitila.

Kore-kore da fari-fari sun bi layukan kamar gansakuka a bakin rijiya.

Ya tsiyaya sifirit a murfin gwangwani, ya ɗauko tsohon buroshin haƙorin da yake wannan aikin da shi, ya shiga gogewa. A hankali, don abubuwan da ke kan injin nan wani bai kai ƙwayar yashi ba, in ya fita ya tafi ke nan. Ya goge, ya busar, ya sake gogewa. Ya ɗora mitar gwada wuta. Mitar ta yi ƙara mai tsawo, alamar wuta na bin hanyar da ba tata ba.

Yana cikin neman inda ta ƙone aka tura ƙofar, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

"Sannu da aiki, maigida."

Injiniya ne, cikin farar riga mai guga, makullin mota a yatsa, kwali a hannu.

"Sannu, yallaɓai."

"Gilashi za a sa mini a wannan, da riga. Irin launin da mata ke so." Ya ajiye kwalin sabuwar waya a kan teburin. "Na ji ta Malama ta yi wanka."

"Ruwanku ne ya cinye ta."

"Mu tsabtatacce muke turowa, sabulun ba namu ba ne." Ya yi dariya, ya leƙa kan teburin. "Ita ce wannan? Za ta tashi kuwa?"

"In Allah ya so."

"A aikinmu dai, in ruwa ya shiga inda bai kamata ba, rushewa ake yi a sake sabo."

Dogo ya ture aikinsa gefe. Ya buɗe kwalin, ya goge allon sabuwar wayar, ya ɗora gilashin. Ya so hannunsa ya karkace ko da kaɗan ne, ya so iska ta maƙale a tsakiya ta yi kumfa. Hannun ya ƙi. Gilashin ya kwanta sumul kamar daga kamfani.

Injiniya ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai. Ya kai bakin ƙofa ya juyo, kuma wannan karon babu dariya a fuskarsa.

"Ba gaba nake da kai ba, ka gane. Ni ma sonta nake. Kuma marigayi ya san da ni. Sau uku ina zuwa duba shi a asibiti, na ƙarshen ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana sa mini albarka."

"Haka yake yi wa kowa. Har mai sharar ɗakin."

"Wataƙila," in ji Injiniya, ya fita.

Sai bayan azahar Dogo ya gano wurin. Wani ɗan abu ne kusa da hanyar caji, ya yi baƙi ƙirin. Ya kama shi da hantsaki, ya kai masa bakin ƙarfen dalma, ya ɗauke shi. Mitar ta yi shiru. Ya samo wani batir, ya liƙa masa siraran wayoyin wuta biyu, ja da baƙi, ya haɗa da injin kai tsaye. Ya mayar da allon. Ya yi bisimilla ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa, ya riƙe, yana ƙirgawa a zuci. Wajen goma sha biyu wayar ta yi ɗan motsi a tafinsa, haske ya taso daga ƙasa, da wani baƙin tabo a kusurwa kamar tawada ta zube.

Ta tashi, amma tashin majinyaci. Ramin caji ya mutu, ba ta ganin layi, ba ta ganin wata waya a kusa. Babu ta inda za a fitar da abu daga cikinta. Ranta yana rataye a siraran wayoyin nan biyu. Ya kwantar da ita a kan wani ɗan katako, ya ɗaure batirin da salatif, ya zauna yana gadinta.

Malama ta dawo tun kafin a idar da la'asar. Da ta hango hasken ta dafe ƙirji ta jingina da ƙofa.

"Kar ki ɗaga ta. Zo ki sa lambar."

Ta matso ta fara dannawa. Lamba uku suka shiga, ta huɗun ta ƙi, don tabon ya ci wurin. Ta danna, ta danna, ta dube shi. Ya sa babban yatsa ya matse gefen gilashin.

"Yanzu."

Ta buɗe.

Suka haɗa kai a kan katakon, ta kunna muryar. Da farko ƙarar fanka ce ta asibiti, da wani yana tura gado a nesa. Sai tari. Sai muryar tsohon, a gajiye, amma tasa ce, babu tantama.

"Ya kama? To. Mamana, ki saurara. Ni dai jikin nan na ji shi. In ta Allah ta kasance, a gaya wa Yaya, Injiniya na ba wa. Yaron yana da hankali, bai yar da ni ba a ciwon nan. Kar a wahalar da shi. To daina kukan mana, kina jiƙa mini zane. Allah ya yi miki albarka. Kashe haka nan, na gaji."

Malama ta rufe baki da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Ka ji ko? Ka ji Baba? Na gaya maka."

Dogo bai motsa ba. Yatsansa yana nan a gefen gilashin, har ya yi fari.

"Dogo, ka ji ya ba ka ni."

"Wa ya ce?"

"Kai mana."

"Faɗi abin da ya ce."

"Ya ce Inji..."

Ba ta ƙarasa ba. Ya ga lokacin da kalmar ta isa kunnenta da muryar Baffa, ba da ta Baba ba. Ta laluba bencin ta zauna.

"Amma kai yake nufi. Kai ma ka sani. Tun ranar da ka tayar masa da tsohuwar rediyonsa bai sake kiran ka da wani suna ba. Ko sallama ka yi sai ya ce, Mamana, ga Injiniya nan, kawo masa ruwa."

"Na sani."

"To me ya sa kake kallona haka?"

"Ni na sani, ke kin sani. Baffa bai taɓa zama da mu ba ko sau ɗaya. Shi Injiniya ɗaya ya sani a duniya, kuma ɗazu ya fita daga shagon nan."

"Wata takwas ina ɗauke da maganar nan a raina," ta ce, kamar da kanta take. "Ko sau ɗaya ban ji ta da wani suna ba sai naka. Wallahi da za a tambaye ni jiya, cewa zan yi Dogo ya ce."

"Da kin saurara kafin ki rantse."

"Da na iya saurara ai da na saurara."

Ya san bai kyauta ba.

Ta share fuska, ta dubi ƙarfen dalman da ke hayaƙi a mazauninsa.

"Kashe ta."

"Malama."

"Taɓawa ɗaya ce, ko ba haka ba? Ka ce ba ta tashi ba. Wa zai sani? Ruwan sabulu, kwana biyu, kowa zai yarda."

"Taɓawa ɗaya ce."

"To yi."

"In na yi, maganata ta mutu a gidanku. Ke kika faɗa."

"Amma ni ban rantse a kan shiru ba. In babu murya babu wanda Baba ya ambata. In zauna a ɗakin Umma har in tsufa, ya fi mini a ce Baba da bakinsa ya miƙa ni ga wancan."

"Ni kuma fa?"

Ta kawar da kai, shi ya ci gaba.

"Ki zauna ki tsufa a can, ni in zauna in tsufa a nan, tsakaninmu minti goma. Kuma Baffa zai aiko a tambaye ni. Ya ce in rantse ba ta tashi ba. In rantse?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba."

Kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na girgiza, shi kuma yana tsaye tebur na tsakaninsu, ba halin ya taɓa ta, ba halin ya saki gilashin.

"Wa ya ce ka iya aiki haka?" ta ce cikin kuka. "Duk layin nan masu gyara ne. Da wani na kai wa da tuni ta mutu a hannunsa, na huta."

"Da kin kai musu."

"Ai kai na yarda da shi."

Wata mata ta leƙo da waya a hannu, ta ga abin da ake ciki, ta ja da baya.

Can Dogo ya ce, "Umma fa? Ta sha jin yana kirana haka. A gabanta yake yi."

Malama ta ɗago. "Umma ba ta iya haɗa ido da Baffa. Tun rasuwar ko muryarta ba a ji in yana gidan."

"Ba musu za ta yi da shi ba. Tambaya ɗaya ce, ta ce e."

"In ta kasa fa?"

"In ta faɗa fa?"

Suka dubi juna. Na ga wuya kala-kala a rayuwata, wadda ta kashe sa'o'ina ni ta bar ni a tsaye, amma ban ga abin da ke karya mutum kamar ƙaramin fata ba. Da babu shi gaba ɗaya da sun san abin yi.

"Kar ka kashe ta," ta ce a ƙarshe, da ƙyar ake ji. "Ka kawo ta gobe."

Washegari bayan la'asar shi ya kai wayar da kansa, don ba ta ɗaukuwa sai a kan katakon. Ya taho a ƙafa yana riƙe da shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika, yana kauce wa masu babur.

Wata takwas ke nan bai wuce ƙofar gidan ba, rabonsa da ciki tun zamanin da yake zuwa gaida marigayi. Yau Baffa da kansa ya ce, "Shigo da ita."

Falon yana nan yadda ya san shi, sai kujerar marigayi da aka matsar jikin bango. Baffa na zaune a babbar kujera da carbi, Gwaggo a gefensa. Malama na ƙasa a kan darduma. Umma tana tsaye a bakin ƙofar da ke shiga ciki, rabin jikinta a bayan labule.

Dogo ya durƙusa ya gaishe su. Baffa ya amsa da ka. Ya ajiye katakon a kan ƙaramin tebur, ya matse gefen gilashin, Malama ta sa lambar.

Da tarin ya fito, carbin ya tsaya a hannun Baffa. Da muryar ta ce "a gaya wa Yaya", sai tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye ya bi gemunsa. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Har aka gama babu wanda ya motsa.

"Sake sa mini," in ji Baffa.

Aka sake. Ya saurara ido a rufe. Da ta ƙare ya share fuska da hannun riga, ya ja dogon numfashi.

"Alhamdulillahi. Na yi ta tsoron ko na saɓa wa ƙanina yana kabari. Ashe bakinmu ɗaya."

"Baffa." Malama ta matso a kan gwiwoyinta. "Don Allah ka saurare ni. Ba wancan yake nufi ba. Wannan yake nufi. Haka yake kiran sa."

"Wannan?"

"Wallahi, Baffa. Tun da ya gyara masa rediyo."

"Rantsuwa ba ta yi miki wuya, 'yar nan. Ta ranar Laraba ma tana nan ba ki sauke ba."

"A tambayi Umma."

Baffa ya daɗe yana kallonta. Ba azzalumi ba ne, kar wani ya ce na ce. Mutum ne da ya saba in ya faɗa a yi. Ya juya wajen labulen.

"Kin ji abin da 'yarki ta ce. Marigayi yana kiran yaron nan haka?"

Labulen ya motsa. Umma ta dubi 'yarta, ta dubi ƙasa.

"Yakan kira shi, Yaya."

Malama ta saki numfashi.

"Yakan kira shi," Umma ta maimaita, kuma da ta ga fuskar Baffa ta ɗaure sai ta nemi abin da za ta sassauta maganar da shi. "Ka san halinsa da barkwanci. Tsokanarsa yake yi."

"Tsokana," in ji Baffa.

"Umma," Malama ta ce.

"Tsokana," ya sake faɗa, a hankali. "To mutum yana kallon kabarinsa, likita ya cire rai da shi, sai ya ɗauki auren 'yarsa ya yi tsokana da shi? Haka kuka san ƙanina?"

Umma ta gane abin da ta yi, ta kai hannu baki, ta koma bayan labulen gaba ɗaya.

Gwaggo ta yi gyaran murya. "Yaya, ko a ɗan dakata a bincika?"

"Ga mai maganar a gabanmu, wane bincike kuma?" Ya juyo. "Kai, ɗago."

Dogo ya ɗago.

"Ba na zaluntar kowa. Kai zan tambaya, kuma abin da ka faɗa da shi zan yi aiki. Kai injiniya ne?"

"A kasuwa, Baffa, duk mai..."

"Ba abin da ake kiran ka na tambaye ka ba. A kasuwa mai sayar da maganin ciwon kai ma likita ne. Ka dubi idona, ka tuna za ka kwanta inda ƙanina ya kwanta. Kai injiniya ne?"

Ya ji idon Malama a gefen fuskarsa. Bai juya ba, amma ya san me ke cikinsu. Kalma ɗaya ce, gajeriya, ko yaro ya iya ta. Ya tuna aji huɗun da ya bari ya kama bin mai gyaran rediyo, ya tuna shekara goma sha biyar na hayaƙin dalma, da wayoyin da masu takardu suka ce sun mutu shi ya tayar. In da gaskiya a duniya ai ya ci sunan. Ya tattaro kalmar ya kawo ta bakinsa.

Baffa yana kallonsa, idonsa jajir da kukan ɗan'uwansa, yana jira da gaske.

"A'a, Baffa," ya ce. "Mai gyara ne ni."

Wani sauti ya fita daga ƙirjin Malama, ba kuka ba, ba magana ba. Gwaggo ta sauko ta riƙe ta.

Baffa ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

"Kuma ka iya. Ka dawo mini da muryar ƙanina, Allah ya yi wa hannunka albarka."

Dogo ya kai hannu zai cire jar wayar daga batirin, don ya rasa abin da zai yi da hannun.

"A'a, bar ta a haɗe yadda take," in ji Baffa. "Gobe da hantsi iyayen yaron za su zo, ina so su ji da kunnensu. Tun da ba ta buɗuwa sai ka riƙe mata gefe, sai ka dawo ka kunna musu."